Wasiƙa ta Goma Sha Biyu

A unguwar Zango, cikin Damagaram, akwai wata yarinya ƴar aji shida. Ba ta da yawan magana. Amma in ta riƙe bik tana rubutu, sai an yi da gaske take ajiye shi.

A shekarar nan damina ba ta yi kyau ba. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba. Da rani ya shigo, mutanen karkara suka fara gangarowa birni. A bakin famfo, layin jarkoki yakan kai har ƙofar masallaci. A gidan su yarinyar ma, tuwo ya ragu a kwano.

A lokacin ne Bintu ta zo daga Tirmini tare da mahaifiyarta. Bintu ɗiyar ƙanwar innar yarinyar ce, shekarunta tara. Rumbunsu ya ƙare. Babanta ya tafi ci-rani kudu, ya ce zai aiko da saƙo. Wata huɗu ke nan shiru.

Yaran suna da kawu, sunansa Modu. Yana da ɗan shago inda yake gyaran rediyo da salula. A lungun shagon akwai wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta. Ranar Laraba da yamma ba a zuwa lakwal, wato makaranta. In akwai wuta, Kawu Modu yakan bar su su yi wasa da ita.

Su uku ne kullum: yarinyar, da Bintu, da Yusufu ɗan ajin yarinyar.

Wasa ɗaya suke so. Sun raɗa masa suna Masu Neman Ruwa. Labarin wasu mutane ne da ke zaune a wata duniya mai nisa, bayan taurari. Ƙasarsu ja ce, sararinsu yana da wata biyu. Ruwansu ya kusa ƙarewa. Mai wasa yakan tuƙa ɗan jirgi, ya shiga tsofaffin gine-gine, ya guje wa mutum-mutumi na ƙarfe.

Wata rana Yusufu ya ture wani akwati a cikin wasan. Sai ga ɗan allo yana walƙiya a bayansa. Ya taɓa shi, rubutu ya fito da Faransanci.

Yarinyar ta matso ta karanta. Ta ce, “Wasiƙa ce! Wani injiniya ne mai suna Daru ya rubuta wa ɗiyarsa Sela.”

Bintu ba ta jin Faransanci sosai. Ta ce, “Yaya, me ya ce?”

Yarinyar ta mayar mata da Hausa. “Ya ce: Rana ta shida. Sela ɗiyata, yau na haƙa rami na uku. Yashi kawai na samu. Gobe zan ƙara gaba. Ki riƙa rufe tulu da kyau.”

A ƙasan allon an rubuta: ɗaya cikin goma sha biyu.

Kawu Modu ya leƙo. Ya ce, “Ai irin wannan ɓoye su ake yi. Kana iya gama wasan ba ka ga ko ɗaya ba. Amma wanda ya tara su, shi ya san asalin labarin.”

Tun daga ranar suka shiga nema. Yusufu ne gwanin tuƙi. Yarinyar ta samo sabon kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango. Duk wasiƙar da aka samu, sai ta kwafe ta a ciki, ta fassara, ta rubuta wurin da aka same ta. Ita kuwa Bintu takan zauna a kan buhu, ta yi tagumi tana saurare.

Kafin wata biyu sun samu goma sha ɗaya. Tara daga ciki Yusufu ne ya gano su, biyu kuma Kawu Modu. Ta ƙarshen ce ta gagara. Sun duba rijiyoyi, sun duba kogo, sun duba cikin fasassun jirage. Babu.

Kullum in suna komawa gida sai Bintu ta ce, “Yaya, baban Sela ya dawo kuwa?”

Sai yarinyar ta ce, “Sai mun ga ta sha biyu.”

A kwanakin nan Bintu ta rage cin abinci. Takan zauna a zaure tana kallon hanya. Duk ɗan kabu-kabun da ya tsaya, sai ta miƙe ta duba wanda ya sauka. Daga nan ta koma ta zauna.

Ranar wata Asabar, Inna ta aiki yarinyar ta kai wa Kawu Modu fura. Ta zauna gaban ordinatar ita kaɗai. Ba ta daɗe ba aka ɗauke wuta.

A hanyar gida ta yi ta tunani. Ta tuna fuskar Bintu a zaure. Ta kuma tuna yadda ƴan aji suke yabon Yusufu. Ita fa ba ta taɓa gano ko ɗaya ba.

Da ta isa gida ta shiga bayan ɗaki. Ta buɗe kaye. Ta rubuta:

“Sela ɗiyata, na samu ruwa mai sanyi, mai yawa. Na juyo da jirgina. Wannan wasiƙar a tsakar gidanmu nake rubuta ta. Kin share shi tas, kina zaune kusa da ni. Ba zan ƙara tafiya ba.”

Ta karanta sau biyu. Ta ji ta yi daɗi. A sama ta rubuta: ta goma sha biyu.

Ta kira Bintu ta karanta mata. Bintu ta yi tsalle ta rungume ta.

“Ya dawo! Yaya, ya dawo!”

Ranar nan Bintu ta cinye tuwonta, har ta suɗe kwano. Yarinyar ta ce a ranta, ai ban yi laifi ba.

Ranar Litinin ta nuna wa Yusufu a filin lakwal. Ya karanta a hankali. Ya ɗaga kai.

“A ina kika same ta?”

“A bayan wata jar ƙofa, a saman hasumiya.”

“Hasumiyar nan na hau ta sau goma. Ban ga jar ƙofa ba.”

“Ba ka duba da kyau ba ne.”

“To ina Faransancin? Hausa kawai na gani.”

Ta ce, “An ɗauke wuta kafin in kwafe. Da ka na riƙe ta.”

Yusufu ya sake duba shafin. Ya ce, “Daru kullum yana farawa da lissafin rana. Rana ta shida, rana ta ashirin. Nan babu.”

“Mantawa na yi. Rana ta ɗari ce.”

Ta karɓi kayen ta ƙara a sama. Ƙarya ɗaya ta zama huɗu.

Laraba biyu Yusufu yana hawa hasumiya yana sauka. Bai yi wani abu ba sai neman jar ƙofa. Har idanunsa suka yi ja. Yarinyar tana zaune kusa da shi, tana kallonsa.

Labarin kaye ya bazu a aji. Yara suka riƙa aro suna kwafa. Har malaminsu, Mushe Suma'ila, ya karɓa ya duba.

Ya ce, “Wannan aiki ne mai kyau. Fassara ba wasa ba ce. Ta ƙarshen nan ma ta fi sauran daɗi.”

Yara suka tafa mata. Ta yi murmushin yaƙe.

Bintu kuwa ta samu sabon aiki. Kullum da sassafe takan ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida.

Inna ta ce, “Bintu, wa ya sa ki?”

Ta ce, “Ba kowa. Sela ma ta share, babanta ya dawo. Nawa ma yana hanya.”

Yarinyar ta ji. Ta sunkuyar da kai, ta shige ɗaki.

Wata Laraba suka tarar da Kawu Modu yana dariya. Yana riƙe da faifai a hannu.

Ya ce, “Ku zo ku gani. Wani abokina direba ya kawo mini daga Yamai. Kashi na biyu ne na wasanku.”

Suka kewaye ordinatar. Wasan ya buɗe. Ga jar ƙasar nan, amma yanzu da korayen gonaki. Ga wata mata mai furfura tsaye a bakin rijiya. A ƙasa aka rubuta sunanta: Sela. Shekara arba'in sun wuce.

Matar ta fara magana. Yusufu yana fassara wa Bintu.

“Ta ce wannan rijiyar babanta ne ya gano ta. Ta ce mutane dubu suna sha daga cikinta. Ta ce...”

Sai ya ƙura wa matar ido.

Bintu ta ja rigarsa. “Ta ce me?”

Yusufu ya ci gaba a hankali. “Ta ce tun ranar da ya hau jirgi ba ta sake ganinsa ba. Wasiƙunsa kawai suka iso. Ta ƙarshen a cikin akwatin iri ta same ta.”

Bintu ta miƙe tsaye. “Ba haka ba ne! Ya dawo! Yana cikin kaye!”

Yusufu ya ce, “Kawu, ko masu yin wasan ne suka manta?”

Kawu Modu ya girgiza kai. “Da wuya. Masu irin wannan aiki suna riƙe labarinsu da kyau. Abin da suka faɗa a kashi na farko, shi suke ɗorawa a kai a na biyu. Ba za su dawo da mutum gida ba, sannan su ce bai dawo ba.”

Yusufu ya juya ya dubi yarinyar. Bintu ma ta dube ta.

Yarinyar ta dubi ƙasa. Da ƙyar ta ce, “Ni na rubuta ta. Babu jar ƙofa.”

Yusufu ya ture kujera. “Laraba biyu! Kina zaune kina kallona!”

Bintu ta juya. Ta fita daga shagon a hankali. Ko takalminta ɗaya ba ta sa daidai ba.

Da yarinyar ta koma gida, ta tarar da Bintu kwance ta juya wa ƙofa baya. An ajiye mata kunu, ba ta taɓa ba.

Inna tana bakin murhu tana gyaran zogale. Ta ce, “Zo nan, ɗiyata. Kawunki ya kira ni. Ina so in ji daga bakinki.”

Yarinyar ta durƙusa. Ta faɗi komai tana kuka.

“Inna, tausayinta na ji. So nake ta ci abinci.”

“Shi ke nan?”

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Can ta ce, “Kuma ina so a ce ni ma na gano ɗaya.”

Inna ta gyaɗa kai. Ta ajiye ƙwaryar.

“Bari in ba ki labari. Ina kamar Bintu aka yi wani babban fari. Muna ƙauye a lokacin, wajen Zermu. Muka kama hanya da awakinmu, ni da kakanku. Rana ta take. Ruwan goranmu saura kaɗan. Sai muka gamu da wani mutum a kan jaki. Ya gan ni ina kuka. Ya ce, yi shiru yarinya, rijiya tana bayan tudun can.”

“Sai me ya faru, Inna?”

“Sai muka yi murna, muka shanye ruwan. Muka hau tudun. Babu rijiya. Muka hau na gaba. Babu. Awaki biyu suka mutu a hanya. Allah ya sa muka haɗu da wata makiyayiya mai salkar ruwa, ta ba mu muka sha.”

“Mutumin mugu ne.”

“A'a. Ba mugu ba ne. Tausayi ya ji, kamar ke. Ya so in daina kuka. Na kuwa daina, na ɗan lokaci. Da ya ce mana bai sani ba, da mun yi tattalin ruwanmu.”

Yarinyar ta share hawaye.

Inna ta ce, “Bintu ta jingina da maganarki. Kin ba ta bangon kara, kin ce na ƙasa ne. Tashi ki je wurinta.”

Yarinyar ta shiga ɗaki. Ta zauna a bakin tabarma.

“Bintu, ki yafe mini. Na yi miki ƙarya.”

Bintu ba ta juyo ba. Ta ce, “To babana fa? Shi ma ba zai dawo ba?”

Yarinyar ta buɗe baki za ta ce zai dawo gobe. Sai ta tsaya.

Ta ce, “Ban sani ba, Bintu. Allah ne ya sani. Amma labarin Sela daban, naki daban. Muna yi masa addu'a kullum. Kuma ina nan tare da ke.”

Bintu ta juyo ta dube ta. Daga baya ta jawo kofin kunu ta sha kaɗan.

Washegari yarinyar ta je wurin Mushe Suma'ila tun kafin a buga ƙararrawa. Ta gaya masa gaskiya.

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce, “Yara nawa suka kwafi wasiƙar nan?”

“Sun kai ashirin, Mushe.”

“To su ma sai sun ji.”

Ta tsaya gaban aji. Ta ce wasiƙa ta goma sha biyu ba ta cikin wasan, ita ta ƙirƙira.

Aji ya ɗauki surutu. Wata yarinya mai suna Zara ta ce, “To sauran ma wa ya sani? Wataƙila duka ita ta shirya!”

Wannan maganar ta fi komai yi mata zafi. Wata biyu ta yi tana kwafe sha ɗayan nan, harafi bayan harafi.

Mushe Suma'ila ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

Ya ce, “Kun ji abin da Zara ta ce? Ɗigon kananzir ɗaya yakan ɓata tulu guda. Wanda aka ba ajiyar labari, amana aka ba shi. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa.”

Ya juya wurin yarinyar. “Amma kin zo da ƙafarki kin faɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga aikinki. Ki koma ki gwada kowace wasiƙa da ta cikin wasan, a gaban shaidu. Zara, ke ma za ki je.”

Ya buɗe durowa ya ɗauko sabon kaye. Ya miƙa mata.

“Wannan kuma naki ne. Na ce ta ƙarshen ta fi daɗi, kuma ban janye ba. Kin iya ƙaga labari. Ƙaga labari ba laifi ba ne. Laifin shi ne ki sa shi a bakin wani. Ki rubuta naki a nan, ki sa sunanki a kai.”

Ranar Laraba suka haɗu a shago. Yusufu bai gaishe ta ba.

Ta ce, “Yusufu, na ɓata maka lokaci. Na bar ka kana wahala. Ka yi haƙuri.”

Ya ɗan ɓata fuska. Sannan ya matsa mata a benci. “Zauna. Buɗe ta farko.”

Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Yusufu yana tuƙi, Zara tana karanta ta cikin wasan, yarinyar tana bi da yatsa a kaye. Aikin ya ci Laraba biyu. Duka sha ɗayan suka fito daidai. Kuskure ɗaya kawai aka samu, ta rubuta “rami” a inda aka ce “kogo”. Ta gyara.

Zara ta ce, “Na yarda. Zan gaya wa ƴan aji.”

Sai Bintu ta yi magana daga kan buhunta. “Ba Sela ta ce a akwatin iri ta samu ta ƙarshen ba?”

Duk suka juyo.

“To mu je inda suke ajiye iri mana. A garinmu, iri a can ƙasan rumbu ake ɓoye shi.”

Yusufu ya buga goshinsa. A farkon wasan akwai wani ɗakin ajiya. Kullum wuce shi suke yi da gudu. Ya mayar da jirgi can. Ya sauka ƙasa ta wani ɗan tsani. Ga akwatuna jere. Ya buɗe na ƙarshe.

Allo ya yi walƙiya.

Suka yi ihu, har Kawu Modu ya yar da sukurdireba.

Yarinyar ta kwafe Faransancin tsaf. Sannan ta karanta da Hausa, a hankali:

“Rana ta tamanin da ɗaya. Sela ɗiyata, ruwan yana nan. Na taɓa shi da hannuna. Na zana miki hanya a bayan wannan allo, na aiko ɗan mutum-mutumina da shi. Jirgina ya lalace. Ban sani ba ko zan iya gyara shi. Ki kai wa mutane taswirar. Ki shuka irin nan. Duk daren da wata biyu suka fito, ina tuna ki.”

Yarinyar ta saci kallon Bintu, tana tsoron ta fashe da kuka.

Bintu ta goge ido da gefen mayafinta. Ta ce, “Ashe bai manta da ita ba. Yana can yana yi mata aiki.”

Kawu Modu ya ce, “Haka ne, ɗiyata.”

Bintu ta ce, “Wannan ta fi waccan.”

Yarinyar ta ja layi a kan wasiƙar ƙarya. Ba ta yage shafin ba. A gefe ta rubuta: wannan ni na ƙaga. A ƙarƙashin ta gaskiyar kuma ta rubuta: Bintu ce ta gano wurin.

Da suka fito, Bintu ta kama hannunta.

“Yaya, Kawu ya ce abokinsa direba zai yi kudu jibi. Ya san tashar da mutanen Tirmini suke sauka. Ki rubuta mini wasiƙa zuwa ga Baba.”

Suka zauna a dakalin ƙofar gida. Yarinyar ta ciro takarda.

“Me zan ce masa? In ce komai lafiya, abinci ya wadata?”

Bintu ta girgiza kai. “A'a. Ki ce tuwo kaɗan ne, amma muna ci. Ki ce na shiga lakwal. Ki ce na yi rashin lafiya kwana biyu, na warke. Ki ce ina kewarsa.”

Yarinyar ta rubuta kamar yadda aka faɗa mata. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta karanta wa Bintu daga farko har ƙarshe.

Bintu ta yi dariya. “Haka na ce!”

Ta karɓi bik ta rubuta sunanta da kanta a ƙasa. Haruffan sun karkace, amma ana karantawa.

Inna tana tsaye a zaure tana jin su. Ta ce, “To ɗiyata, me kika koya?”

Yarinyar ta ninke takardar. Ta ce, “Na koyi cewa in an ba ni maganar wani, in isar da ita yadda take. Kuma ƙarya ba ta zama alheri, ko don tausayi aka yi ta.”

Inna ta ce, “Allah ya yi muku albarka. Ku tashi ku kai wa Kawu kafin ya rufe shago.”

Suka tashi da gudu, Bintu a gaba, wasiƙa a hannunta.